SABO BAKIN ZUWO DA TAMBAYAR DA BA A YI WA SANATOCI

Wannan jawabi ne da aka gabatar ga wasu samari a wani zaure da ke cikin birnin Kano, bayan da gardama ta yi zafi a tsakaninsu a kan wane ne ake kira sanatan talakawa, kuma da me ake gane shi. 



'Yan uwa, duk wanda ya taso a cikin ganuwar nan ya san Jakara, ya kuma san asibitin haihuwar da ke nan dab da kasuwar Kurmi. Ba mamaki a cikin waɗanda ke zaune a zauren nan akwai wanda a can aka yanke masa cibiya, ko kuma wanda ya taɓa raka yayarsa can da tsakar dare tana naƙuda. Sunan da asibitin ke ɗauke da shi shi ne Sabo Bakin Zuwo. To amma a tare saurayi a yau a ce masa wane ne Sabo Bakin Zuwo, abin da zai fara yi shi ne dariya. Sai ya kawo labarin nan da ake yaɗawa, wai an tambaye shi irin ma'adinan da Kano ke da su, shi kuwa ya shiga lissafa Fanta da Coca-Cola, saboda a Turancin 'yan Nijeriya kalma guda ce ake kiran ma'adinai da lemon kwalba da ita. A nan sanin yawancin samari ya tsaya. Mutumin da ya yi shekara huɗu yana wakiltar birnin nan a Majalisar Dattawa, ya kuma yi gwamna, ba abin da aka riƙe nasa sai barkwanci. Kuma abin takaicin shi ne, sanatocin da ke raye ma haka ake auna su: wane ya iya magana a rediyo, wane ya iya habaici, wane ya raba shinkafa da azumi.

Alhaji Aliyu Sabo Bakin Zuwo, wanda aka haifa a 1934, ɗan gwagwarmayar NEPU ne, jam'iyyar da aka kafa a nan Kano ran 8 ga Agusta, 1950. Bai yi zurfi a boko ba, kuma 'yan bokon zamaninsa ba su taɓa yafe masa wannan ba, shi ya sa barkwancin da ake jingina masa kusan duk a kan Turanci yake. Amma a Hausa ba a kama shi. Da aka dawo siyasa a 1978, Malam Aminu Kano ya kafa PRP mai alamar makulli, Sabo yana tare da shi, kuma a zaɓen 1979 ya tafi Legas a matsayin sanata daga Kano ta Tsakiya.

A nan sai a ɗan yi lissafi, domin ba za a fahimci aikin sanata ba sai an san mutum nawa ne ke bayansa. Majalisar Dattawan Jamhuriya ta Biyu tana da kujera 95, wato biyar-biyar daga jihohi 19. NPN ta Shagari tana da 36, UPN ta Awolowo 28, NPP ta Azikiwe 16, GNPP ta Waziri Ibrahim 8, PRP kuwa 7 kacal, biyar daga Kano (a lokacin Jigawa tana cikinta), biyu daga Kaduna. Joseph Wayas ne ke riƙe da guduma. Waɗanda suka rubuta tarihin Sabo suna cewa yana cikin waɗanda suka fi kowa kawo ƙuduri a zauren. Wannan abin yabo ne, amma kada ya ruɗe ku. Kawo ƙuduri daban, mai da shi doka daban. Mutum bakwai a cikin casa'in da biyar ba za su iya zartar da komai su kaɗai ba, sai dai su yi magana, su tona, su ja hankalin wasu, ko kuma su sayar da bakwai ɗin nan da tsada idan manyan jam'iyyu suna neman cikon rinjaye. Saboda haka duk sanatan da ya dawo gida yana bugun ƙirji da cewa ya kawo ƙuduri talatin, tambayar da ke biye ita ce: guda nawa aka sa wa hannu, kuma wa suka amfana?

A zamanin wannan majalisa ne aka yi babbar rigimar albashi. Ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ƙarƙashin Hassan Sunmonu, ta nemi a mai da mafi ƙarancin albashi Naira 300 a wata. Gwamnati ta tsaya a kan 100. Ana ta ja-in-ja har ran 11 ga Mayu, 1981, ma'aikata suka shiga yajin aikin gama-gari, ƙasa ta tsaya cak na kwana biyu. Daga nan ne fa aka sauko, majalisa ta zartar da dokar mafi ƙarancin albashi ta farko ga ƙasa baki ɗaya, Naira 125. Ku lura da yadda abin ya zo. Su 'yan majalisar tun da suka isa Legas aka sauke su a rukunin gidajen nan na 1004 da ke tsibirin Biktoriya, kuma maganar albashinsu da alawus ɗinsu tana cikin abubuwan da suka fara tattaunawa. Shi kuwa lebura sai da ya ajiye shebur kafin a tuna da shi.

Naira 125 ta wancan lokaci ba abin rainawa ba ce. A 1981 Naira ta fi Dalar Amurka daraja, kuɗin ya kai kimanin Dala 200. Amma akwai wani saƙo a cikin dokar wanda ba a cika faɗa ba, kuma ya shafi mutanen cikin ganuwa kai tsaye. Dokar ba ta hau kan duk ma'aikatar da mutanenta ba su kai 50 ba. To a duba birnin nan. Masu rini a karofin Ƙofar Mata, dukawa, maƙera, teloli, yaran shago da 'yan dako a Kurmi, malaman Islamiyya da ake biya da kuɗin Laraba, wanne ne a cikinsu yake aiki a wurin da ke da mutum 50? Waɗanda dokar ta taɓa su ne ma'aikatan gwamnati da leburorin masaƙu da majemu na Bompai, Sharaɗa da Challawa. Sauran jama'ar gari a rediyo suka ji labarinta. Da aka sabunta dokar a 2019 an sauko da adadin zuwa mutum 25, amma har yanzu yaron shago yana waje. Duk wanda zai ce shi sanatan ma'aikata ne, a nan ya kamata a fara tare shi.

To yanzu wani zai ce, a cikin wannan rigima wane sanata ne ya tsaya da ma'aikata, wane ne ya juya masu baya? A nan ne ake cin karo da babbar dabarar majalisun ƙasar nan. Mafi yawan abin da ake yankewa da murya ake yanke shi. Shugaban majalisa zai ce masu goyon baya su amsa, sai a yi ihu. Ya ce marasa goyon baya su amsa, sai a yi ihu. Shi kuma ya buga guduma ya ce wane ɓangare ne ya rinjaya. Ba a ƙirga, ba a rubuta suna. Mutum yana iya yin shiru a zaure, ko ma yana can ɗakin shan shayi, ya dawo Kano ran Juma'a ya shiga rediyo ya rantse cewa shi ne ya fi kowa ɗaga murya. A Amurka, duk da abin da aka san ta da shi, ɗan jarida yana iya zaro takarda ya nuna wa sanata yadda ya kaɗa ƙuri'a a kan inshorar lafiya shekara goma da suka wuce, da rana da wata. A nan kuwa sai dai a ce "majalisa ta amince." Majalisa ba ta da unguwa, ba ta da fuska, ba wanda zai tare ta a ɗaurin aure ya tambaye ta.

Tunda ƙuri'a a ɓoye take, jama'a sai suka koma auna mutum da tutar jam'iyyarsa. Ita ma wannan ba ta fisshe su ba. A 1980 PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. Gwamnonin jam'iyyar biyu, Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna, su ne Santsi. Malam Aminu da waɗanda suka tsaya a gidan Mumbayya su ne Taɓo, kuma Sabo yana sahun gaba a cikinsu. To ga abin lura. Soke haraji da jangali a 1979 gwamnonin nan ne suka yi. Mai da 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata, gwamnatin Kano ce ta yi shi a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1981. Kuma Michael Imoudu, tsohon ɗan reluwe da ya jagoranci yajin aikin 1945, wanda duk ɗan ƙwadago a ƙasar nan yake ɗauka uba, ɓangaren Santsi ya shugabanta. Shi kuwa Malam Aminu, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya ta tarayya daga 1971 zuwa 1974, yana ɗaya ɓangaren. Kowane gida yana cewa shi ne na talakawa, kowanne yana da hujja a hannu. Samarin birnin nan suka rabu, wa da ƙani suka daina gaisawa. Ran 10 ga Yuli, 1981, bayan takardar tuhumar da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero, gari ya kama da wuta, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Wata biyu ke nan kacal bayan yajin aikin ma'aikata. Ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen bin diddigin albashi da magani, a faɗan cikin gida ya ƙare.

Ana cikin haka farashin mai ya faɗi. A watan Afrilun 1982 majalisa ta ba Shagari dokar tsuke bakin aljihu. Masana'antu suka rasa kayan aiki suka fara sallamar leburori, jihohi da dama suka kasa biyan malaman makaranta wata da watanni, Naira 125 ɗin da aka sha wuya a kanta hauhawar farashi ta cinye ta. Asibitoci kuwa, da sojoji suka yi juyin mulki a ƙarshen 1983, Birgediya Sani Abacha, shi ma ɗan Kano, a cikin sanarwarsa ya kafa hujja da cewa sun koma wurin ganin likita kawai, babu magani. Ba wai su sojojin sun gyara ba ne, kowa ya ga abin da ya biyo baya. Amma maganar ta shiga kunnen jama'a ne saboda duk wanda ya kai mara lafiya Asibitin Murtala a lokacin ya san ana rubuta masa takarda ne ya nufi kemis.

Malam Aminu ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983. A zaɓen shekarar Sabo ya kayar da Rimi, wanda ya koma NPP, ya hau kujerar gwamna ran 1 ga Oktoba. Wata uku cif ya yi. A cikin wata ukun nan ne ya yi abin da ya sa har yau ake ambaton sunansa a Jakara. Akwai gidan silima mai suna Palace, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1950, shi ne na farko a cikin ganuwa. Tun ranar da aka kafa shi malamai da dattawan birni ba su so ba, balle ga shi a daidai wannan lokaci, a 1951, gobara ta ci mutum sama da 300 a silimar El-Duniya. Shekara talatin ana kuka da abin da ake yi a ciki da kewayen Palace. Sabo ya rufe shi, ya mai da shi asibiti. Wasu sun ce neman suna ne a wurin malamai. To ko da neman suna ne, matar da ke Ƙoƙi ko Yakasai ko Bakin Zuwo ta sami wurin awo da haihuwa da za ta iya zuwa da ƙafa. Yau fiye da shekara arba'in ke nan. Wannan aiki ba ya bukatar a ɗauko takarda a nuna shi, ga shi nan a tsaye, kowa yana iya zuwa ya gani. Sai dai a lura, aikin gwamna ne, wanda ke da ikon sa hannu a yau a fara gobe. Shekara huɗun Legas ba su bar wa birnin nan wani abu da jama'a ke nunawa da yatsa kamar wata ukun gidan gwamnati ba.

Adalci kuma shi ne a faɗi ɗaya gefen. Da gwamnatin Buhari ta kama 'yan siyasa, an ba da sanarwar an sami tsabar kuɗi Naira miliyan 3.4 a wurinsa. An ruwaito ya kare kansa da cewa kuɗin gwamnati ne a gidan gwamnati. Kotun soja ba ta karɓi wannan ba, ta ɗaure shi, sai a zamanin Babangida ya fito. Kotunan sojan nan ba abin koyi ba ne wajen adalci, wannan sananne ne. Amma a raba miliyan 3.4 da 125 a gani: albashin wata guda ne na lebura 27,200. Masoyansa ba sa son a ambaci wannan, maƙiyansa kuma ba sa son a ambaci Jakara, alhali duka biyun a littafi guda suke. Ya rasu a watan Fabrairun 1989, a wani asibiti a ƙasar Jamus. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa. Mutumin da ya gina wa matan birni asibiti, da tasa jinyar ta zo sai da aka haye teku da shi.

Me ya canza daga lokacin zuwa yau? A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya. Kasafin tarayyar ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron, a mafi yawan shekaru, tsakanin kashi 4 zuwa 6 yake yawo, kuma kowace shekara sai ya bi ta hannun sanatoci kafin ya zama doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta yi kusan shekara goma tana kai da komo kafin Jonathan ya sa mata hannu a 2014. Tana cewa a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci da jinyar marasa ƙarfi, tana kuma hana asibiti ya mai da wanda aka kawo cikin gaggawa. Doka ce mai kyau. Amma ba a sa wannan kashi ɗayan a kasafi ba sai 2018, inda aka ware kimanin Naira biliyan 55. Shekara uku doka tana kwance, 'yan majalisa suna amincewa da kasafin da ya saɓa wa abin da su da kansu suka zartar. Wane ne a cikinsu ya tashi ya yi magana a waɗannan shekaru, wane ne ya yi gum? Wannan tambaya ce da ke da amsa, domin duk abin da aka faɗa a zaure ana rubuta shi a littafin zaman majalisa da ake kira Hansad. Ƙuri'ar murya ba ta da suna, amma jawabi yana da shi, ƙuduri ma yana da shi.

Albashi kuwa, daga 125 aka je 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, sannan 70,000 a watan Yulin 2024, wadda majalisa ta zartar a rana guda. Sifili ya ƙaru, amma a canjin lokacin 70,000 ba ta kai Dala 50 ba, wato ƙasa da rubu'in abin da leburan 1981 ya karɓa. A ɗaya gefen, a 2018 Sanata Shehu Sani na Kaduna ta Tsakiya ya fasa ƙwai, ya ce kowane sanata yana karɓar Naira miliyan 13.5 a wata na gudanar da ofis, ban da albashi. A watan Agustan 2024 Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya faɗa wa sashen Hausa na BBC cewa abin da ke shigo masa a wata ya kai miliyan 21. A raba da 70,000: mutum 300 ke nan. Waɗannan biyun sun cancanci a ce masu madalla da suka faɗa, domin yawancin sauran sun yi shiru ne.

Ba kullum ake iya ɓoyewa ba. Ran 15 ga Yuli, 2021, a kan batun aika sakamakon zaɓe ta na'ura, 'yan adawa suka ƙi yarda da ihu, suka nemi a ƙirga. Aka kira sanatoci ɗaya bayan ɗaya, 52 suka tsaya nan, 28 suka tsaya can, wasu 28 kuma aka neme su aka rasa. Washegari jaridu suka buga sunaye. Ranar an ga 'yan siyasa suna ta kame-kame a rediyo, kowa yana bayanin inda yake. Ashe ƙa'idar majalisa ta yarda a ƙirga, abin da ake bukata shi ne wanda zai tashi ya nema. An yi wannan a kan dokar zaɓe, wato abin da ya shafi kujerarsu. To me zai hana a nemi irinsa ranar da ake yanke kason lafiya a kasafi, ko ranar da ake yanke wa dokar albashi za ta rufa wa asiri?

Kujerar Kano ta Tsakiya, wadda Dala da Gwale da Birni da Kewaye ke ciki, manyan mutane sun zauna a kanta. Rabi'u Musa Kwankwaso ya hau a 2015, Ibrahim Shekarau a 2019, Rufa'i Hanga a 2023. Kowannensu yana da masoya a zauren nan, kuma ba a taru don a zagi kowa ko a yabi kowa ba. Amma saurayin da zai ba da makogwaronsa da tafin ƙafarsa ga ɗan takara, har wani lokaci ya ba da jininsa, yana da haƙƙin ya ce masa: Ranka ya daɗe, wane ƙuduri ka kawo a kan asibiti, ina ya tsaya? Ranar da aka yi muhawarar albashi kana zaure? Me ka ce? Ka taɓa neman a ƙirga ƙuri'a? Wanda ya yi aiki ba zai ji haushin tambayar ba, zai ma sa yaronsa ya ɗauko takarda.

Bayan kammala jawabin wani saurayi ya tambaya a ina talaka zai ga waɗannan takardu. Aka amsa masa cewa ƙungiyoyi irin su PLAC da OrderPaper suna wallafa jerin ƙudurori da sunan wanda ya kawo kowanne a intanet, da Turanci, kuma aka nemi mutum biyu masu sakandare su ɗauki nauyin zaro na sanatocin Kano uku su fassara, a karanta a zama na gaba. Wani dattijo da ke bakin ƙofa ya ce a haɗa da na 'yan majalisar wakilai. Ana cikin rubuta sunayen waɗanda suka ɗaga hannu aka kira sallar Magariba.